Yadda Ake Yini Ɗaya a Cape Coast: Daga Dajin Kakum Zuwa Bakin Tekun Elmina

Tambayar da aka fi yi mini game da Gana, musamman daga 'yan kasuwar da harka ke kai su Akra da kuma ɗaliban da ke karatu a can, ita ce ko yini ɗaya zai ishi mutum ya ga birnin Cape Coast, ya hau gadar igiya ta dajin Kakum, ya kuma leƙa Elmina. Amsar ita ce zai isa, amma da sharaɗi biyu. Na farko, ka kwana a Cape Coast a daren da ya gabaci yawon. Na biyu, ka bi wuraren bisa tsarin da ya dace da rana da zafi da cunkoson jama'a, wato daji da sassafe, tsohon sansanin Turawa inda aka riƙa tsare bayi da tsakar rana, bakin teku da yamma. Mafi yawan waɗanda suka dawo suna ƙorafi ba wani abu ya ɓata musu tafiya ba illa juya wannan tsari da suka yi. Ga matakan daki-daki.

1. Zaɓen rana

Kada ka ɗauki ranar Asabar ko ranar hutun gwamnati, irin su 6 ga Maris da ake bikin samun 'yancin kai, domin a waɗannan ranaku motocin makarantu da na ƙungiyoyin coci kan cika Kakum, har mutum ya shafe awa biyu yana jiran layin hawa gada. Ƙarshen Disamba ma haka yake, saboda baƙi daga Amurka da Turai da ke zuwa ziyarar tushensu. Laraba da Alhamis su ne suka fi sauƙi. Ranar Litinin ma ba laifi.

Talata kuwa tana da nata hukunci. Masuntan Fante, wato ƙabilar wannan yanki, ba sa fita teku ranar Talata bisa al'adarsu, sai su zauna gyaran taru da kwale-kwale, don haka wanda ya je Elmina a ranar zai tarar da jiragen a ɗaure, ba zai ga saukar kifi ba. Idan Juma'a ce ta kama maka, sai ka lissafa da sallar Juma'a a cikin gari, ka tabbata ka baro daji kafin ƙarfe 11:00.

Game da damina, ruwan bakin tekun Gana ya fi ƙarfi a watannin Mayu da Yuni, sannan ya ɗan dawo wajen Satumba da Oktoba. Ana zuwa Kakum a kowane lokaci na shekara, sai dai da damina hanyar hawa tudu tana santsi. Akwai kuma bukukuwa biyu da ke cika masaukai: Bakatue na Elmina a Talatar farko ta Yuli, da Fetu Afahye na Cape Coast a Asabar ta farko ta Satumba. Wanda yake son kallon biki ya nemi ɗaki tun da wuri, wanda kuma yake son natsuwa ya kauce wa waɗannan makonni.

2. Isowa daga Akra

Tsakanin Akra da Cape Coast kimanin kilomita 150 ne, tafiyar da ya kamata ta ɗauki awa uku, amma cunkoson Kasoa yana iya ƙara mata awa ɗaya ko fiye. Garin nan na Kasoa daga kalmar "kasuwa" ya samo sunansa, kuma har gobe kasuwancin bakin titi ne ke riƙe motoci a cikinsa. Ana samun mota a tashar Kaneshie, inda ƙananan bas ke tashi da zarar sun cika, ko kuma a shiga babbar motar kamfanin sufuri na STC mai tafiya bisa lokaci. Ka bar Akra kafin ƙarfe 1:00 na rana domin ka wuce Kasoa kafin masu tashi daga aiki su cika hanya. Za ka bi ta mararrabar Winneba, da Mankessim, da Saltpond, da Anomabo, ka shiga Cape Coast da sauran haske.

Gargaɗi: akwai masu shirya yawon a matsayin je-ka-ka-dawo daga Akra a rana guda. Ana yin haka, amma sa'o'i shida zuwa takwas na yinin a cikin mota za su ƙare, kuma za ka isa daji daidai lokacin da rana ta take. Kuɗin ɗaki na dare ɗaya bai kai asarar da za ka yi ba.

Wanda ya zo daga Najeriya ko Nijar ya mayar da agogonsa baya da awa ɗaya. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, amma ya riƙe fasfo da katin allurar rigakafin shawara, domin ana tambayarsa a kan iyaka da filin jirgi.

3. Kuɗi da kayan da za ka ɗauka

Ka canja kuɗinka zuwa sidi tun a Akra, inda wuraren canji suke da yawa, kuma ka roƙi a ba ka ƙananan takardu na sidi 5 da 10 da 20. Takardar sidi 100 ko 200 tana zama matsala a hannun direban tasi ko mai sayar da kwakwa da sassafe, domin zai ce ba shi da canji, kai kuma ba ka da lokacin jira. 'Yan ƙasar suna biyan kusan komai ta waya, abin da suke kira MoMo, amma baƙon da ba shi da layin Gana tsabar kuɗi ce gatansa. Kada ka dogara da katin banki a Kakum.

Kuɗin da za ka kashe a yinin kashi shida ne: shatar tasi, kuɗin shiga Kakum, tikitin hawa gada wanda daban yake da na shiga, tikitin sansani ɗaya ko biyu, abinci da ruwa, sai ɗan ihsanin da za ka yi wa masu yi maka jagora. Shatar tasi ita ce mafi tsada, kuma ita ce kaɗai ake ciniki a kanta. Tikiti kuwa farashinsa a rubuce yake a kan allo a bakin ƙofa, an raba shi gida-gida, ɗan ƙasa da baƙo, babba da ɗalibi da yaro, kuma na baƙo ya fi na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba. Ɗalibi ya riƙe katin makarantarsa, zai sami ragi. Ka karɓi rasit a kowace ƙofa.

A nan akwai abin da nake so in faɗa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Wasu 'yan'uwanmu, ganin cewa fatarmu ɗaya da masu ƙasar, sukan yi shiru ko su sa wani ya saya musu tikitin ɗan ƙasa. Wannan cin haƙƙi ne, kuma kuɗin nan da su ake biyan masu gadin dajin da masu gyaran igiyoyin da za ka taka. Ka faɗi ƙasarka, ka biya abin da aka rubuta.

Kayan da ake buƙata ba su da yawa: takalmin kambas mai riƙe ƙasa, ƙaramar jaka ta goyo wadda za ta bar hannuwanka biyu a sake, ruwan sha aƙalla lita ɗaya da rabi, ƙaramin tawul na share zufa, rigar ruwa mara nauyi, man korar sauro, sallaya mai naɗewa, da batirin ajiya na cajin waya. Soket ɗin Gana irin na Najeriya ne, mai baki uku. Ka ajiye babbar riga da takalmin fata a masauki. Mace ta sa wando mai faɗi a ƙarƙashin doguwar riga, ta zaɓi hijabin da bai wuce gwiwa ba ko ta ɗaure shi sosai, domin dogon mayafi yana kama ragar gada.

4. Cinikin mota tun da dare

Hanyoyi biyu ne zuwa Kakum. Mai sauƙin kuɗi ita ce ka shiga bas ɗin haya da ake kira trotro, wanda ke bin hanyar Jukwa zuwa Twifo Praso, ka gaya wa yaron mota ya sauke ka a ƙofar Kakum. Ana samunsa a wajen kasuwar Kotokuraba ko a mararrabar Pedu. Aibinsa shi ne ba ya tashi sai ya cika, kuma a dawowa sai ka tsaya bakin titi kana jiran wanda yake da gurbi. Idan kai kaɗai ne kuma aljihu bai da nauyi, wannan hanya ta isa, amma ka haƙura da shiga sansani biyu.

Idan kun kai mutum uku ko huɗu, ku yi shatar tasi. Direbobin garin suna kiran shata "dropping", kuma idan ba ka faɗi haka ba za su ɗauka tasi ta haɗaka kake so. Ka sa ma'aikacin masaukinka ya kira maka direban da ya sani, ku yi ciniki tun da dare, ku fayyace abu huɗu: lokacin da zai zo, cewa kuɗin na zuwa da dawowa ne, cewa jiran awa biyu zuwa uku yana ciki, da kuma wanda zai biya kuɗin shigar mota a ƙofar daji.

Gargaɗi: kada ka biya kuɗin gaba ɗaya kafin tafiya. Na taɓa biyan wani direba duka tun a gari, da na sauko daga daji sai na tarar ya ɗauki wasu fasinjoji ya tafi, wayarsa kuma ba ta shiga, na tsaya fiye da awa ɗaya a bakin titi kafin in sami mota. Ka ba da kashi ɗaya cikin uku na mai, sauran sai an dawo.

5. Karin kumallo da tashi

A wannan yanki alfijir yana ketowa wajen ƙarfe 5:00, gari ya waye sarai kafin 6:00. Bayan sallar asuba ka nemi mai koko a bakin titi. Mutanen Gana da kansu "Hausa koko" suke kiran kunun gero mai yaji, ana sha da ƙosai, kuma masu sayar da shi galibi matan zango ne, za ka iya yi musu Hausa kai tsaye. Ka ci kaɗan, kada ka cika ciki, domin akwai hawan tudu da lilo a gabanka. Ka bar gari da ƙarfe 7:00. Tafiyar kimanin kilomita 30 ce zuwa arewa, minti 45 zuwa awa ɗaya, ta cikin gonakin kwakwar manja da koko da lemo, har ka wuce ƙauyen Abrafo ka isa ƙofa.

6. Hawan tudu da gadar igiya

Kakum daji ne mai duhuwa wanda faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 375, kuma abin da ke jawo jama'a gare shi shi ne gadar da aka buɗe a 1995, wadda aka rataya a jikin manyan itatuwa. Gadoji bakwai ne a jere, tsawonsu gaba ɗaya kimanin mita 350, tsayinsu daga ƙasa kuma ya kai mita 30 zuwa 40 a wasu wurare. Manufarka ita ce ka shiga cikin rukunin farko ko na biyu da za su hau, tun hazon safiya bai gama tashi daga kan itatuwa ba.

Da isarka, ka biya kuɗin ƙofa, ka wuce wurin sayar da tikitin gada, sannan ka kewaya ban ɗaki, domin babu wani a sama. Ba a shiga dajin sai da ɗan jagora, kuma a rukuni ake tafiya. Daga inda ake taruwa zuwa bakin gada ta farko hawan tudu ne na minti 15 zuwa 20 a kan matakalar duwatsu, kuma wannan hawan ne yake gajiyar da mutane, ba gadar ba. Wanda ya saba da busasshen zafin Kano ko Damagaram zai sha mamaki, domin a nan rana ba ta dukan mutum, amma iska a jiƙe take, zufa ba ta bushewa, kafin ka kai rabin tudu rigarka ta manne da baya. Ka tafi a hankali, ka tsaya a rumfunan hutawa, ka kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko ciwon gwiwa, da mace mai tsohon ciki, su tsaya a ƙasa, akwai wurin zama da ɗakin nune-nune.

Ka riƙa duban inda kake sa ƙafa. Kwarkwasa kan ratsa hanya a jere kamar baƙar igiya, kuma wanda ya tsaya a kanta yana ɗaukar hoto zai gane kurensa kafin ya kai gada. Ka tsallake ta ka wuce.

Ita gadar, katako ne mai faɗin da bai wuce tafin ƙafa biyu ba, an shimfiɗa shi a kan tsani na ƙarfe, raga ta kewaye shi dama da hagu har zuwa ƙirjin mutum, igiyoyi masu kauri kuma suna riƙe da komai. Idan ka ɗora ƙafar farko za ka ji ta nutsa kaɗan, ta yi ƙara, sannan ta fara lilo. Ga yadda ake tafiya a kanta: ka kama igiyar dama da hannun dama, ta hagu da hannun hagu, ka ɗora ƙafa a tsakiyar katako ɗaya gaban ɗaya, ka kafa idonka a kan dandamalin da ke jikin itacen da ke gabanka. Ka bar tazarar taku biyar ko shida tsakaninka da na gaba, domin nauyin mutum biyu a wuri ɗaya shi ke sa gadar karkata. Kada ka tsaya a tsakiya. Duk kallon da za ka yi da duk hoton da za ka ɗauka, ka bari sai ka kai dandamali, inda za ka jingina da itacen ka ga kan daji ya shimfiɗu kore shar har inda ido ya tsaya, tsuntsaye suna wucewa ta ƙarƙashin ƙafarka maimakon ta samanka.

Gargaɗi: wayar da ta faɗi daga nan ta tafi ke nan. Ka sa ta cikin jaka mai zif ko ka ɗaure ta a wuya. Hula ma haka. Idan ka ji jiri ya kama ka a gada ta farko, ka gaya wa ɗan jagora a dandamali, akwai gajeriyar hanyar fita da ba sai ka bi bakwai ɗin duka ba. Kuma idan akwai matasa a rukunin da ke tsalle don girgiza gada, ka bari su yi gaba su ba ka wuri.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne zuwa da tsammanin ganin namun daji kamar a Yankari. Akwai giwayen daji a Kakum, da birai iri-iri, da tsuntsaye sama da iri 250, da malam-buɗe-littafi iri ɗaruruwa, amma duhuwar tana ɓoye su, hayaniyar mutane kuma tana korarsu ciki. Wanda yake son ya amfana da dajin sosai ya ƙara kuɗi kaɗan ya nemi yawon ƙasa na awa ɗaya, inda ɗan jagora zai nuna masa itatuwa ɗaya bayan ɗaya, da wanda ake magani da ɓawonsa, da wanda ake sassaƙa kwale-kwale da gangar jikinsa. A ganina wannan yawon ya fi gadar ilimi, kodayake gadar ce kowa ke ba da labari.

7. Dawowa, salla da abincin rana

Ka baro Kakum kafin ƙarfe 11:00. A bakin ƙofa da gefen hanya za ka ga masu sayar da zuma da kwakwa da 'ya'yan koko, ka sayi ɗan koko ɗaya a fasa maka ka tsotsi farin naman da ke jikin ƙwayarsa, yana da zaƙi da ɗan tsami. Farin ruwan da ake zubawa a ƙwarya a wasu rumfuna bammi ne, naman da aka banɗa a kan sanda kuma naman daji ne da ba ka san yadda aka kashe shi ba, ka wuce su. Direba zai ba ka shawarar tsayawa a Hans Cottage, wani masauki da aka gina a kan tafki mai kadoji. Minti 20 ya isa idan da yara, idan babu ka wuce.

Azahar tana shiga wajen ƙarfe 12:00 a agogon Gana. Ka ce a sauke ka a Kotokuraba, inda babbar kasuwa take, kusa da zango da masallaci. A nan za ka yi alwala cikin natsuwa, ka yi salla, kuma a nan ne abincin da ba ka da shakka a kansa yake. Ka nemi waakye, wato shinkafa da wake da aka dafa da karan dawa har ta yi ja, wadda sunanta ma daga "wake" ya fito, ana zuba mata taliya da garin rogo da ƙwai da baƙin yaji mai suna shito. Idan kana son abincin masu garin, ka ci dokunun Fante, ƙullin masara mai tsami da ake naɗewa a busasshen ganyen ayaba a dafa, da soyayyen kifi da daka-daka na barkono. A gidajen abinci na cikin gari ka tsaya a kan kifi, domin wasu suna dafa naman alade. Ka miƙa kuɗi ka karɓi kaya da hannun dama, kamar a gida, ka ce "medaase", wato na gode.

8. Sansanin Cape Coast

Daga Kotokuraba zuwa sansanin tafiya ce ta gangara, za ka iya takawa ko ka hau a-daidaita-sahu, wanda a can ake kira pragya. A hanya za ka wuce gunkin ƙaguwa, alamar garin, wanda masu shi ke kira Oguaa. Ka yi ƙoƙari ka kasance a ƙofa da ƙarfe 1:30.

Gargaɗi kafin ka sauka: samari za su tare ka da fara'a, su tambayi sunanka da ƙasarka. Idan ka faɗa, lokacin da za ka fito za ka tarar an rubuta sunan a jikin ƙwaryar dodon koɗi, a miƙo maka a ce kyauta ce, sannan a nemi kuɗi. Wasu kuma za su nuna maka takardar neman taimakon ƙungiyar ƙwallo. Ba masu cutarwa ba ne, neman abinci suke yi, amma idan ba ka da niyyar saye ka gaisa da su ka wuce ba tare da ba da suna ba.

Bayan ka sayi tikiti, ka tambaya ko akwai kuɗin kyamara idan kana ɗauke da babba, sannan ka jira a haɗa rukuni. Zagayen yana ɗaukar minti 45 zuwa awa ɗaya. Idan akwai jira, ka hau sama ka fara da ɗakin tarihi, zai taimaka maka ka fahimci abin da za ka gani a ƙasa.

Za a fara da kurkukun maza. Ana gangarawa ta wata hanya mai santsi zuwa ɗakuna biyar na ƙarƙashin ƙasa, inda a zamanin cinikin bayi aka riƙa cusa mutane har kimanin dubu a lokaci guda, suna jiran jirgi makonni ko watanni. Hasken da ke shiga ta 'yan ƙananan tagogi ne can sama. Ɗan jagora zai nuna maka cewa abin da kake takawa ba bulon asali ba ne, dattin jikin mutanen ne da ya taru ya daskare a kansa, kuma wani lokaci zai kashe fitila na ɗan lokaci don ka ji yadda duhun yake. A daidai saman wannan kurkuku Turawan suka yi cocinsu. Daga nan sai ɗakin da ake kulle waɗanda suka yi tawaye, ba taga ba ruwa, sai kurkukun mata, sai ƙofar da ake kira ƙofar da ba a dawowa, wadda ke buɗewa ga teku. Idan aka buɗe ta yau, masunta za ka gani suna gyaran taru a kan yashi.

Bahaushe bai kamata ya shiga wurin nan a matsayin ɗan kallon abin da ya sami wasu ba. Da yawa daga cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓa daga arewa aka gangaro da su, kuma kasuwar Salaga, wadda fatakenmu na Gwanja suka sani da goro, ta yi suna da cinikin bayi. Saboda haka ka rage murya, ka sa wayarka a shiru, kada ka yi hoton dariya a cikin kurkuku. Sau da yawa za a haɗa ka rukuni ɗaya da baƙaƙen fata daga Amurka ko Jamaika waɗanda suka tara kuɗi shekaru don wannan rana, wasu suna kuka, wasu suna ajiye furanni a jikin bango. Ka ba su wuri. A ƙarshen kurkukun maza akwai wurin tsafin gargajiya na masu garin, inda wasu ke ajiye kuɗi. Ba dole ba ne a kan kowa, ka tsaya daga baya har a wuce.

Mai ciwon asma ko wanda ƙuntataccen wuri ke tayar wa hankali ya tsaya kusa da ƙofa. Bayan zagayen ka ba ɗan jagora abin da ya sauƙaƙa, sannan ka hau kan katanga inda igwoyi ke jere suna fuskantar teku, ka zauna minti goma iska ta buge ka kafin ka ci gaba.

9. Elmina da yamma

Elmina tana yamma da Cape Coast da kimanin kilomita 12, tasi ta haɗaka tana kai mutum cikin minti 20 zuwa 30 ta hanyar da ke bin gaɓar teku a ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Ka isa can kafin ƙarfe 3:30 idan kana son shiga sansaninta, domin ana daina zagaye tun kafin magariba.

Mutanen Fotugal ne suka gina sansanin Elmina a 1482, 'yan Holan suka ƙwace shi a 1637, Turawan Ingila suka karɓa a 1872, kuma a cikinsa aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya bayan kama shi a 1896. Ya cancanci gani. Sai dai shawarata ga mai yini ɗaya ita ce kada ya shiga kurkuku biyu a rana guda, domin zuciya tana gajiya, na biyun sai ya zama yawo kawai. Idan ka shiga na Cape Coast, ka kalli na Elmina daga waje, ka ba da sauran lokacinka ga masunta.

Ka tsaya a kan gadar da ta ƙetare bakin tafkin Benya. A ƙarƙashinka kwale-kwale ne ɗaruruwa, manya, kowanne da fenti mai launi da tutoci da rubutun addu'a a jikinsa, wasu suna shigowa samari na tsaye a kansu suna tura su da gora, mata kuma na jira a gaɓa da manyan kwanonin silba a ka. Bayansu hayaƙin banda ne ke tashi daga murhunan da ake busar da kifi. Kada ka ɗauki hoton mace a kusa sai ka nemi izininta, yawancinsu ba sa so, kuma za su faɗa maka da babbar murya. Jakarka ta dawo gaba a cikin turmutsutsun kasuwar kifi.

Da ƙarfe 5:00 ka hau tudun da ke fuskantar sansanin, inda ƙaramin sansanin St. Jago yake. Hawan bai wuce minti goma ba, kuma daga can ne za ka ga garin duka a wuri ɗaya: farin sansani, da tafki, da jirage, da filayen gishiri, da teku.

Gargaɗi mafi muhimmanci a wannan jagora: kada ka shiga teku. Igiyar ruwan wannan gaɓa tana da ja daga ƙasa, tana ɗauke yashin da ke ƙarƙashin ƙafar mutum ta janye shi ciki, kuma iya iyo a kogi ko kududdufi ba ya amfani a nan. Idan kana son taɓa ruwan, ka tsaya inda kumfa ke ƙarewa, ruwan bai wuce idon sawu ba, fuskarka ga teku, hannun yaronka a cikin naka. Kada ka hau duwatsun da ruwa ke duka don ɗaukar hoto.

10. Komawa masauki

Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6:00 a kusan duk shekara, kuma duhu yana biyo ta da sauri, babu dogon shafaƙi. Ka sauko daga tudu da sauran haske, ka nemi tasin komawa Cape Coast a kusa da gada, kada ka yi yawo a bakin teku bayan magariba. Idan dole ne ka koma Akra, ka bari sai da asuba, domin hanyar tana da manyan motoci da daddare, kuma motocin farko suna tashi tun kafin gari ya waye. Ka shafa man sauro kafin ka zauna cin abincin dare a waje, ka kuma ɗauraye takalminka da ruwan famfo, domin gishirin teku yana cin ɗinki.